Kumburin da Ke Ƙarƙashin Sajen Rafali

Ranar Alhamis da misalin ƙarfe goma na safe, Mai Aski ya shafa wa ƙanen matarsa kumfa, ya ɗauki reza, ya ce masa ya kumbura kumatu, kamar yadda ya saba ce masa duk mako shekara tara ke nan. Kuncin dama ya cika tam. Na hagu ya ɗan taso, sai iskar ta sulale ta gefen baki, fiii, ya koma ya kwanta.

"Sake," in ji Mai Aski.

"Yau kuma gwajin taya muke yi, mijin Yaya?"

"Ka sake, na ce."

Ya sake. Iskar ta sake gudu.

Rafali kowa ke kiransa, har ɗalibansa. Malamin motsa jiki ne a makarantar sakandare, ranar Asabar kuma shi ke busa wasan ƙwallo a filin bayan tasha. Daga filin zuwa shagon aski tafiyar minti goma ce, amma in ya busa usur, Mai Aski na jin sa a kan ƙarar kilifa, injin askinsa.

"Asabar ɗin da ta wuce ban ji usur ɗinka ba."

"Ya tsufa ne."

"Wanda ka saya wata biyu da suka wuce?"

Rafali ya kalli madubi, ya kau da kai. "Fenareti na busa, babu wanda ya ji. Sai da na bi ɗan wasa da gudu ina ɗaga hannu kamar mai tare tasi. 'Yan kallo har da faɗuwa don dariya."

Mai Aski ya ajiye rezar a hankali.

Akwai abin da masu aski ba sa faɗa. Babu kan da ya zo duniya a daidaice: wani da rami a ƙeya, wani da tudu a gefe, wani kunnensa ɗaya ya ɗara ɗaya. Aikin mai aski shi ne ya gani, ya gyara da gashi, ya ja bakinsa, mutum ya kalli madubi ya ga kansa sumul ya tafi. Haka ubangidansa ya koya masa, kuma shekara ashirin da shida yana tinƙaho da cewa babu wanda ya taɓa jin kunyar kansa a kan kujerarsa.

Shekara biyu da wata uku da suka wuce, yatsansa ya ci karo da wani ɗan ƙullutu a gaban kunnen Rafali na hagu, ƙarƙashin saje, bai fi ƙwayar wake ba. Ya tambaya sau ɗaya. Rafali ya ce ƙwallo ce ta buge shi, kuma ba ya ciwo. Daga nan Mai Aski ya yi abin da hannunsa ya iya. Bakin kilifa yana da mataji masu lamba, kowace lamba tana ƙara wa gashi tsawon milimita uku. Da, lamba biyu yake yi masa hagu da dama. Sai ya koma biyu a hagu, uku a dama. Bayan wata takwas, ɗaya a hagu, uku a dama. Tun farkon bana, ɗaya a hagu, huɗu a dama. Ƙullutun na girma, sajen dama na ƙara kauri don ya kamo shi, fuskar na fitowa daidai a madubi, a hoto, a idon matar Rafali, har a idon yayarsa da ta goya shi, matar Mai Aski.

Mai Aski ya ja tawul ya goge kumfar.

"Tashi."

"Ba ka gama ba."

"Na gama. Asibiti za mu."

Mutum biyu na jira a kan benci. Ya ce musu su yi haƙuri, ya ja ƙofar shago, ya tayar da babur. Sai da suka yi nisa ya ji nauyin kilifar caji a aljihun rigarsa. Bai san lokacin da ya jefa ta ba.

Likitan da ke duba marasa lafiya a hawan ƙasa matashi ne, ga mutum kusan arba'in a layi. Ya tambayi Rafali abin da ke damunsa.

"Ɗan ciwo ne a muƙamuƙi, nan gefen kunne."

"Tun yaushe?"

"Sati uku."

Likitan ya haska kunnen, ya duba haƙora, ya taɓa gefen fuskar ta saman gashi. Ya ce ƙila ƙwayoyin cuta ne suka kumbura wurin, ya sha magani kwana bakwai, in bai sauka ba ya dawo. Ya fara rubutu.

"Shekara biyu da wata uku," in ji Mai Aski daga bakin ƙofa.

Biro ya tsaya. "Malam, kai ne wa?"

"Mai askinsa."

"Mijin yayata ne, Likita, ka yi haƙuri da shi," in ji Rafali. "Ko a gida haka yake shiga zance."

Mai Aski ya ce, "Ciwon ne sati uku. Kumburin ya girme shi. Likita, ara mini kwandon shararka da minti biyu."

Bai jira amsa ba. Ya ja kwandon da ƙafa, ya zare matajin, ya kafa bakin kilifa tsirara a sajen dama, wanda ya yi shekara biyu yana reno. Gashi ya zuba. Ya koma hagu. Rafali na cewa, "Kai, kai, sajena!" amma bai motsa ba, don ba a motsi in kilifa na kusa da kunne. Kafin minti biyun su cika fuskar ta fito tas. A gaban kunnen hagu ga abu nan zaune, kamar an raba ƙwai biyu an cusa rabi a ƙarƙashin fata.

Rafali ya juya kyamarar wayarsa ya duba. "Wannan a fuskata yake?"

Likitan ya miƙe tsaye. "Ɗaga gira. Rufe ido da ƙarfi. Nuna haƙoranka. Kumbura kumatu."

"Wannan na ƙarshen na riga na yi masa," in ji Mai Aski. "Hagu na yoyo."

Fiii.

Likitan ya yage takardar maganin biyu, ya ɗauki waya ya kira hawa na uku.

Likitar tiyata da ke hawa na ukun 'yar gajeruwa ce, tabarau rataye da igiya a wuya, tana magana da sauri kamar mota na jiranta. Ta daɗe tana matsa ƙullutun da yatsu biyu. Da aka ba ta labarin sajen, sai ta juyo da kujerarta gaba ɗaya wajen Mai Aski.

"Lamba nawa, a wane wata?"

Ya faɗa mata. Ya kuma buɗe wayarsa, don duk askin da ya yi kyau yakan ɗauka ya nuna wa masu zuwa, kuma na Rafali kullum yana kyau. Ga hotunan nan jere da kwanan wata. Ta dinga ja da yatsa tana rubutu.

"Shekara goma sha tara ina wannan aikin, ban taɓa rubuta lambar kilifa a fayil ba," in ji ta. "Amma ka ba ni abin da marasa lafiya ba sa iya ba ni. Yanzu na san saurin girmansa."

Sannan ta yi musu bayani. A gaban kowane kunne akwai wata tsoka mai samar da yawu. Yawancin ƙullutun da ke fitowa a cikinta ba mugaye ba ne. Sai dai jijiyar da ke motsa fuska ta tsakiyar tsokar ta ratsa, ta rabu biyar. Ta ɗora tafin hannunta a gefen fuskarta, ta ware yatsu. "Goshi, ido, kunci, leɓen ƙasa, wuya. Ƙullutu mai sauƙi ture jijiya yake yi ya zauna. Wanda ya fara kashe ta, shi nake tsoro."

A ranar aka soka siririyar allura aka zuƙo abin da ke ciki. Kashegari aka tura Rafali cikin na'urar ɗaukar hoton cikin kai, ya fito yana cewa kamar an kwantar da shi a cikin ganga ana dukanta da guduma. Sakamako ya fito bayan kwana tara. Ciwon daji ne, irin wanda ba a cika gani ba. A asibitin, in ji Likita, biyu ko uku suke samu a shekara. Ba ya gaggawa, amma jijiya yake bi yana rarrafe. Huhu lafiya lau, wuya lafiya lau. Ta sa ranar aiki, Talata mai zuwa.

"Zan sake busa usur?" in ji Rafali.

"Zan fitar da ciwon. Wannan shi ne na farko. Daga cikin yatsun nan biyar, wanda ya kama zan yanke. Sai na buɗe zan san ko nawa ne."

A gida matar Mai Aski ta saurari labarin tana tsaye da ludayi a hannu. Ita ce babba a ɗakinsu, Rafali ne auta.

"Wato shekara biyu kana yi wa ciwo kwalliya."

"Cewa ya yi ƙwallo ce."

"Auta ya taɓa faɗar gaskiya a kan ciwo? Yana ɗan shekara bakwai ya karye a hannu, ya ce sauro ne! Kai da ka gani fa? Ni kullum ina cewa Auta ya yi ƙiba, fuska ta cika, ashe gwanintar mijina nake yabo."

Ta juya ga tukunya, ta daɗe tana juya abin da ba ya bukatar juyi.

Ranar Litinin Mai Aski ya tare Likita a kan matakala, tana saukowa da fayil a hammata.

"Likita, da na faɗa tun yana ƙwayar wake fa?"

Ba ta rage sauri ba. "Da aikin ya fi haka ƙanƙanta, kuma da wuya in taɓa jijiyar. Da ka ƙara wata shida kana daidaitawa, da duka biyar zan cire, ido ma sai an ɗinke gefensa kafin ya rufu. Duka biyun gaskiya ne. Ka riƙe su tare."

Aikin ya ci awa biyar da minti ashirin. Mai Aski ya ƙirga tayil ɗin barandar, ya sake ƙirgawa, bai samu adadi ɗaya ba. Matarsa da matar Rafali na zaune a benci, kowacce na ce wa 'yar'uwarta ta ci wani abu. Da ƙofar ta buɗe, Likita ta fito da hular tiyata a kai. Ta ɗaga hannu, ta ware yatsu biyar, ta lanƙwashe na tsakiya.

"Huɗu sun tsira. Na kunci ya shige cikin ciwon, na yanke shi. Na ɗauko wata 'yar jijiya daga ƙasan kunne na yi masa gada. Fatar kunnen za ta daina jin taɓawa, wannan ba ya dawowa. Gadar kuwa hanya ce kawai, sai jijiyarsa ta tsiro ta bi ta ciki."

"Kwana nawa?" in ji matar Rafali.

"In ta yi sauri, milimita ɗaya a rana. Ba ta cika sauri ba. Wata shida zuwa shekara. Wani lokacin ba ta isowa."

"Lamba ɗaya duk kwana uku ke nan," in ji Mai Aski, ba da kowa ba.

Matarsa ta harare shi, sai kuma dariya ta ƙwace mata, tana yi tana share ido da gefen mayafi.

Da Rafali ya farfaɗo, Likita ta ce ya rufe ido. Duka biyun suka rufu. Ya ɗaga gira, duka biyun suka tashi. Ya yi murmushi, gefen dama ya tafi, na hagu ya biyo rabin hanya ya tsaya.

"Hutun rabin lokaci," in ji shi da murya a shaƙe. "Huɗu da ɗaya. Mu ke ci."

Bayan ɗinki ya warke aka shiga zango na biyu: hasken na'ura mai ƙona abin da wuƙa ba ta gani ba, kwana biyar a mako, mako shida. An yi masa wata fuskar roba mai huji-huji da ake ɗaure kansa da ita a kan gado don kada ya motsa. Mai Aski ne ke kai shi a babur da sassafe, ya dawo ya buɗe shago. Bakin Rafali ya bushe, abinci ya koma masa kamar takarda, ya zama ba ya rabuwa da gorar ruwa. Hoton da aka ɗauka bayan wata uku ya fito fes. Likita ta ce madalla, amma irin wannan ciwon yana da dogon haƙuri, don haka zai riƙa zuwa tana ganinsa shekara da shekaru.

Rafali ya koma makaranta. Bai koma fili ba. Wata Alhamis ya ciro usur ɗin daga aljihu ya miƙa.

"Ka ba yara su yi wasa."

Mai Aski ya rataye shi a ƙusa, gefen madubi.

Inda hasken ya bi, gashi bai sake fitowa ba. Sajen dama ya dawo baƙi ƙirin, na hagu 'yan tsiraru nan da can, ga tabon ɗinki ya sauko daga gaban kunne ya lanƙwasa zuwa wuya. Rafali ya juya fuska a madubi.

"Mijin Yaya, ba za ka ɗan yi mini dabarar nan taka ba? Ka bar na sama ya sauko ya rufe."

"Na daina."

"Ni fa na ce ka yi."

"Ko alƙalin alƙalai ne ya ce. Tas za a kwashe, hagu da dama, duk mako. Abin da ya fito a wurin nan, kowa ya gan shi."

Masu zuwa shagon ma sun ga canji. Ya ce wa wani direba tawadar Allah da ke ƙeyarsa ta sauya launi, ya je a duba. Ya ce wa wani tela akwai ƙullutu a bayan kunnensa. Na telan kitse ne kawai, ya dawo yana mita an sa shi asarar wuni guda. Mai Aski ya ce ya ji, ya zauna a yi masa aski.

Abu ɗaya ne ya kasa. Bai sake ce wa Rafali ya kumbura kumatu ba. In ya zo gefen hagu, sai ya ja fatar da yatsu biyu ya miƙar da ita, ya bi da reza. Kuncin na nan a ƙarƙashin yatsunsa, sanyi, laushi, kamar ba na kowa ba. Wata shida ya wuce. Na bakwai ya wuce. A ransa ya yi lissafin lambobin ya sake yi, ko ta ina ya ɓullo ya kamata a ce jijiyar ta iso.

Alhamis ta biyu a wata na tara, shagon cike. Direban nan na kan benci, da tela, da wani tsoho mai gyaran agogo da ke zuwa karanta jarida. Rafali na kan kujera yana ba su labarin rafalin da ya gaje shi.

"Mutumin nan bai san satar gida ba ko a mafarki. Ɗan wasa na tsaye shi kaɗai a gaban gola, har ya gyara safa, shi kuwa—"

"Yi shiru," in ji Mai Aski.

"Me na yi?"

"Ka ce 'mafarki'."

"Mafarki."

Ga shi nan kuma. A ƙarƙashin yatsansa na tsakiya, kusa da gefen hanci, wani abu ya harba, ƙanƙani, kamar motsin fatar ido. A madubi babu abin da ya nuna. Mai Aski ya ajiye rezar.

"Kumbura kumatu."

Rafali ya dube shi ta madubi. Wata tara rabonsa da jin wannan maganar. Jaridar tsohon ta sauka.

Rafali ya ja numfashi. Dama ta cika. Hagu ta yi jinkiri, ta yi rawa, ta taso, kumfar da ke kai ta tsattsage.

"Ɗaya," in ji Mai Aski. "Biyu. Uku."

Fiii.

"Uku!" Direban ya miƙe tsaye. "Wallahi uku na ƙirga!"

"Sake! Sake!"

Na biyun ya kai biyar. Rafali ya fizge tawul daga wuyansa, ya miƙa hannu ga ƙusar. Usur ɗin ya yi ƙura. Ya goge shi a wando, ya sa a baki da kumfa da komai. Busar farko ta fito siririya, rabi ƙara rabi iska. Ya danne gefen leɓensa na hagu da ɗan yatsa, ya cika ƙirji, ya sake.

Wani mai keke da ke wucewa ya taka birki har ya kusa kifewa. Tsohon ya toshe kunne. Mai shagon waya na maƙwabta ya leƙo yana tambayar wa aka kama.

Mai Aski ya kira matarsa. Da ta ɗauka, ya miƙa wayar saitin bakin Rafali. Rafali ya busa. Ihun da ya fito daga wayar sai da kowa a shagon ya ji.

"A kira Likita!" in ji tela. "A busa mata ita ma!"

"Yau tana tiyata," in ji Rafali yana haki. "Gobe zan je in busa mata a baranda, su kore ni."

Ya juyo ga Mai Aski, ya laluba aljihun bayan wandonsa, ya zaro ɗan littafin alƙalancin da bai daina yawo da shi ba. Ya ciro katin gargaɗi mai ruwan ɗorawa daga ciki, ya ɗaga sama, hannu a miƙe, kamar a tsakiyar fili.

"Na shekara biyu da wata uku," in ji shi.

"Na karɓa. Jan kati na zata."

"Alhamis ɗin nan da ka rufe shago ce ta cece ka."

Mai Aski ya ɗauko buroshi ya sake kaɗa kumfa, don ta farkon ta bushe.

"Zauna, ban gama hagu ba," in ji shi. "Kumbura."